Gyaran gidan gado cikin gari ko sabon gini a Dambuwa? Ina neman shawara

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini da waɗanda sunka taɓa shiga irin wannan ku taimaka min da shawara don kaina ya ɗau zafi. Mahaifinmu Allah ya yi mai rasuwa shekarun baya, ya bar muna gida cikin garin Sakkwato wajen Ƙofar Atiku, akwai zaure da ɗakuna huɗu na ƙasa waɗanda anka yi ma filastar siminti daga baya anka ɗora kwano bisa soron, sai ɗakuna biyu na bulo da shi marigayin ya ƙara. Inna tana ciki da ƙannena mata biyu. Ni ina haya a Mabera da iyalina, kuma kowa ya san Mabera da ruwa in damina ta kankama, ga mai gidan duk shekara sai ya ƙara wani abu.

To yanzu Allah ya hore min kuɗi wajen miliyan 8, kuma ina da fili 50 da 100 a Dambuwa ko katanga ban yi ba. Inna na son in gyara gidan gado in dawo kusa da ita, uwargida kuma ta fi son a fara namu ko ɗaki biyu ne. Damanar da ta wuce bangon ɗakin Inna ya tsage daga sama, filastar ƙasan bangon kuma tana zubowa. Wani magini ya ce min da miliyan 3 zai mai da gidan sabo, wani ya ce asarar kuɗi ce a rushe kawai. Wanne ya fi? Na gode.

Yaro Mai Kwano:

Wa alaikumus salam. Yaya sabon gini kawai wlh, kada ka tsaya wani dogon tunani. Tsohon gida ba ya ƙoshi da kuɗi, ka taɓa nan can ya buɗe. Je ka Dambuwa ka aza harsashi.

Tsohon Birkila:

Ɗana Baban Khalifa, Allah shi jiƙan mahaihinka. Ni aikin ga na gini shi nika ci tun ina lebura, kuma abin da zan hwaɗa maka shi na, dut maginin da yac ce maka miliyan 3 ko yac ce a rushe alhali bai duƙa ya tona gindin bango ba, kada ka ɗauki zance nai. Ido ba ya ganin ciwon gidan ƙasa, sai an taɓa.

Ga abin da za ka yi da kanka kahin ka kira kowa. Ɗauki makulli ko ƙaramin guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa tun daga ƙasa har inda hannunka ya kai. Inda filasta ta kama za ka ji sauti a cike, inda ta saki za ka ji shina amsawa awa ganga. Siminti da ƙasa ba su kama juna ba dama, ƙasa tana sha tana hitar da laima, shi ko siminti rufe ta shika yi, to ruwan da ya shiga ta bisa ko ya taso daga ƙasa sai shi zauna ciki shina cin bangon, daga waje kana ganin fenti lahiya lau. Mutanen da da makuba sunka riƙa yin yaɓe kuma duk shekara ana bi ana sabuntawa kahin ruwa, shi ya sa gidajensu sunka daɗe. Mu munka zo munka lulluɓe da siminti munka manta da su.

Inda filastar ta zube gindin bangon ɗakin Inna, sa hannu ka ɗebo ƙasar ka murza. In ta yi tauri tana gardama, bangon na da rai. In ko ta marmashe cikin hannunka da sanyi-sanyi kuma ka ga hwarin gishiri-gishiri ga jikin bangon, to ƙasa ta ci gindin, kuma irin wanga bango shi ka zaunawa cikin dare ga watan Agusta in an kwana ana ruwa. Sannan ka tsaya bakin zaure ka diba, lungun ku da tsakar gidan wanne ya hi tudu? Gidajen cikin gari da yawa yanzu sun koma rami, don shekara da shekaru ana ciko ga hanya ana zuba shara, kowa ya yi sabon gini sai shi ɗaga nashi, ruwan unguwa dut sai shi gangaro gidan da bai ɗaga ba. In haka gidanku yake, ko tayil na nawa ka sa banza na, sai an ɗaga daɓen an hidda ma ruwa hanya.

Tsagewar da ka ce, a samu ɗan siminti a shafe ta wuri biyu ko ukku a gicciye, ka rubuta kwanan wata ga gehe. In bayan wata ɗaya ko biyu shafen ya sake tsagewa, bangon tahiya shikai, ba tsohuwar tsaga ta ba. Tsaga siririya da ta tsaya ga filasta ba ta ban tsoro, wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi gicciye tana hwaɗi ta bisa, ita ta abin tsoro. Azara kuma a hau a soka mata ƙusa, in ƙusa ta shige ba wahala gara ta gama da ita, kuma ka tuna bisa azarar nan akwai ƙasa mai nauyin gaske da mutane ka kwana ƙarƙashinta, kwanon da anka ɗora ya ɓoye ta kawai.

Wani abu da matasan magina ba su tambaya, ka zauna da Inna ta nuna maka inda dut anka taɓa yin salga ko rijiya cikin gidan anka cike. Ita kaɗai ta sani yanzu. Na ga ɗaki sabo na bulo da rodi da linta da komi, shekara biyu kusurwa ɗaya ta nutse, da munka tona ashe bisa tsohuwar salga anka aza shi.

Ni ƙa'idata, ɗakin da bango ɗaya ya lalace a gyara shi, ɗakin da bango ukku sunka lalace a sauke shi a tada na bulo, kuma ƙasar da anka sauke kada a biya kuɗɗi a kwashe, ita za a yi ciko da ita a ɗaga tsakar gida. Ba dole na a rushe gida gaba ɗaya rana guda ba, ana hwarawa daga ɗakin ƙurya a taho wajen zaure, mutanen gida na matsawa ɗaki zuwa ɗaki. Amma ka diba bangon da kunka haɗa da maƙwabta, cikin gari bango ɗaya gida biyu shika tsarewa, ka sauke shi ba shawara ka buɗe ma mutum ɗakin matarshi, sai gaban mai unguwa.

Maman Yasmin:

Baba Birkila ya yi bayanin bango, ni kuma tambaya ɗaya zan yi maka ɗan'uwa, ka ce "ya bar muna gida", to an raba gadon ko ba a raba ba? Ku nawa ne? Don in ba a raba ba wallahi ba gidanka za ka gyara ba, gidan jama'a za ka gyara.

A gidan mijina aka yi wannan ina gani da idona. Shi ne babba, ya zuba abin da ya tara ya canza kwano ya yi silin ya ja famfo ya yi banɗaki na zamani har biyu, lokacin kowa sai sa albarka yake ana Allah ya ƙara buɗi. Da tsohuwar ta rasu aka zo rabo, masu kimantawa suka yi wa gidan kuɗi yadda suka gan shi a gyare, aka raba har da guminsa a ciki, da ya ce a cire abin da ya kashe sai wani ƙanensa ya ce ai don Allah ya yi wa uwarsa, wa ya sa shi? Ba takarda ba shaida, rasit ɗin siminti ma babu ko ɗaya. Har yau gaisuwar wasu daga ciki sama-sama ce, kuma ba mugayen mutane ba ne fa, kowa da matsin da yake ciki, ga mazajen ƙanne mata su ma suna zuga ta bayan fage.

Sannan batun uwargida kada ka ɗauka son rai ne kawai. Mace da ta saba da gidanta ita kaɗai ko na haya ne, a dawo da ita tsakar gida ɗaya da uwar miji da ƙannen miji biyu, madafa ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yara na faɗa, kai da safe ka fita sai dare, ita ce a ciki. Wasu gidajen ana zaune lafiya ƙalau, amma ka san halin mutanenka ka auna. In har za ka dawo to a yanke maka sashe da ƙofarsa da banɗakinsa.

Ɗakin Inna kam ko me za ka yanke a gyara shi kafin ruwa ya sauka, wannan ba ya cikin muhawara.

Baban Khalifa:

Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma, yau da la'asar na bi bangon da makulli kamar yadda ka ce, ɗakin Inna kusan rabin bangon gabas amsawa yake, sauran ɗakuna biyu da sauƙi, na huɗun dama kaya ake ajiyewa ciki. Tsakar gidan kuma ta fi lungun zurfi da kusan taki ɗaya na matakala. Hajiya Maman Yasmin gaskiya ba a raba ba, mu bakwai ne maza uku mata huɗu sai Inna, duk uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa ba wanda ya taɓa tada maganar, ana jin nauyi.

Almajirin Zaure:

Malam Baban Khalifa, jin nauyin nan shi ke haifar da shari'a a gaba. Rabon gado ba rashin kunya ba ne ga Inna, umarnin Allah ne, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. A yadda ka faɗa, in babu wani magajin kamar iyayen marigayi kuma an biya bashi da wasiyya, Inna tana da ɗaya bisa takwas, ragowar a kasa 10, kowane namiji kashi 2 kowace mace kashi 1. Ka ga kenan naka a gidan bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Duk naira biyar da ka zuba a bangon nan, fiye da huɗu a rabon wasu ta faɗa.

Kuma rabo ba ya nufin a sayar da gida a fitar da tsohuwa. Ana iya kiran malami ko a je gaban alƙali, a kawo masu sanin farashin gidaje a unguwar su kimanta shi yadda yake yanzu da tsagarsa da komai tun kafin a sa buhu ɗaya na siminti, kowa ya san haƙƙinsa a rubuce, sannan ku amince Inna ta ci gaba da zama. Daga nan hanya ta buɗe maka. Ko ka sayi rabon waɗanda ke son kuɗi, wataƙila ƙannenka mata da ke gidan aure sun fi buƙatar kuɗin a hannu, ko kuma a rubuta cewa abin da za ka kashe bashi ne a kan gidan za a cire maka ranar da aka sayar, ko ka ce kyauta ka yi don Allah, shi ma a rubuta don 'ya'yanka kada su zo suna nema bayan ranka. Shaidu biyu, kowa ya sa hannu har matan, kada a ce wani ya wakilce su da baki.

Akwai kuma haƙƙin shuf'a a mazhabarmu ta Malikiyya, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da damar karɓa a kan kuɗin da aka saya. Yana da kyau ku san da wannan tun yanzu.

Injiniya Skk:

Na karanta duka. Ni ta ɓangaren Dambuwa zan yi magana saboda Yaro Mai Kwano ya sa abin ya yi kamar da sauƙi.

Fili 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, kusan mita 91. Bulo ɗaya da haɗin siminti tsawonsa kusan inci 18, wato layi ɗaya na katanga zai ci bulo wajen 200, layi 10 kuwa 2,000 kenan, ban sa na cikin ƙasa ba, ban sa ginshiƙai da rodi da get ba. Wannan fa katanga ce kawai ba ka aza ɗaki ko ɗaya ba, sai dai in maƙwabcinka ya riga ya ja ɓangare ɗaya ka huta. Bayan ita akwai sokawe wato ramin ruwan banɗaki, akwai ruwa wanda in babu famfo a layin sai ka sayi na tanka tun daga ranar da za a fara kwaɓa siminti har ranar da za ka iya haƙa burtsatse, akwai wuta in turakun ba su iso ba ku ne za ku yi karo-karo ku saya har da waya, wani lokacin har taransifoma. Ga mai gadi, don kangon da ba kowa wayar wuta da ƙofofin ƙarfe ba sa kwana. A tsohon gida duk waɗannan an riga an biya su tun zamanin mahaifinku, mutane ba sa lissafa su in suna kwatantawa. Sai dai shi ma cikin gari yana da nasa, in tifa ba ta shiga lungunku a bakin titi za a juye yashi da tsakuwa a riƙa kwasa da baro, kuɗin lebura ya ƙaru.

Kuma ka lissafa zirga-zirga, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 nisa ya zama kuɗi, makarantar yara da wurin aikinka da zuwa gaida Inna duk daga Dambuwa za a riƙa tasowa.

Game da farashi, kada ka riƙe kuɗi a asusu kana gini a hankali kana cewa ai kamfanin siminti na nan Kalambaina. A Oktoban 2023 BUA ya sanar da naira 3,500 a matsayin farashin buhu daga kamfani, zuwa Fabrairun 2024 buhu ya kai 10,000 har ya wuce a kasuwannin ƙasar nan da yawa. Wanda ya yi lissafinsa a watan farko ya zo saye a na biyun ka san abin da ya same shi. In ka yanke shawara, abin da ba ya lalacewa kamar rodi da kwano da bulo ka saye su da wuri, siminti kuma kada ka tara shi ya yi watanni yana shan laima ya daskare. Bulo ma ka kula, buhu ɗaya mai kilo 50 in ana son na kirki bulo 9 inci talatin da 'yan kai ake cirewa, masu son riba suna jan shi ya kai 50 ko fiye, ka ɗaga ɗaya ka sake shi daga ƙugu ka gani ko zai tsira.

Takardu kuma, wace takarda gare ka a kan filin? In ta dillali da mai unguwa ce kawai ka fara bin ta gwamnati, don a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, shi ke ba da C of O wato takardar shaidar mallakar fili, sannan ka kai zanen gini hukumar tsara birni ta sa hannu kafin ka tona, kada ka gama a zo a shafa maka jan fenti a ce kana kan hanya. Ka kuma je ka ga filin da idonka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ba da rani ba. Waɗanda suka ga 2010 lokacin da ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a sun san ba a sayen fili da rani a yi murna.

Ra'ayina, miliyan 8 a yau ba za ta ba ka katanga da ɗaki biyu da falo da banɗaki da ruwa da wuta ka tare ba, za ta kai ka wani wuri ta tsaya, kana biyan haya a Mabera kana kallon kango a Dambuwa. Kuma wani abu da ba a faɗa ba, ɗakin ƙasa mai kaurin bango a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ya fi ɗakin bulo 6 inci da kwano ba silin sanyi nesa ba kusa ba, don haka ɗakunan da ka gwada yadda Baba Birkila ya ce ka ga suna da sauƙi ni ban ga dalilin sauke su ba. Da ni ne, zan fara zaman gado, in sauke ɗakin Inna in tada shi da bulo a ɗaga daɓe a fitar da ruwa, in ja katanga a Dambuwa don filin ya tsira daga masu cin iyaka, abin da ya rage in ga ko zai sayi rabon wasu.

Yaro Mai Kwano:

Toh Injiniya na ji, amma dai gidan da ka gina da kanka daban yake, ba mai zuwa ya ce maka nan ɗakin babanmu ne. Ni ina nan kan bakana.

Tsohon Birkila:

Ɗana, tunda rabin bangon gabas na amsawa kada ka jira zaman gado kahin ka hidda Inna daga ɗakin ga, bangon gabas shi ka shan dukan ruwa da iska nan garin, a maida ta ɗaya daga na bulon yau ko gobe. Aikin saukewa kuma a yi shi da rani a gama rufi kahin iskar hwarkon damana, don ita ka ɗauke kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, ka ce ma kafinta shi ɗaure katakon da ƙarhe ga jikin linta, ba shi aza bulo bisa kwano ba. In ka tashi sake kiran magini, ka ce shi rubuta maka kuɗɗin kaya daban na aiki daban, ɗaki-ɗaki, kuma kai ka sayo kaya da kanka. Ka aiko da hoton tsagar in gani, ka sa biro kusa da ita don in gane hwaɗinta.

Baban Khalifa:

Baba an gama, Inna ta yi gardama ta ce ɗakin aurenta ne amma ta yarda za ta koma na bulon. Na kira yayanmu da ke Gusau ya ce zai shigo ranar Juma'a mu zauna da Kawu. Hoton zan turo da safe in haske ya fito. Injiniya takardar dillali ce gare ni da sa hannun mai unguwa, wane ofis zan fara zuwa, kuma sai na ɗauki safiyo da kaina ko su ke turowa?